Kafin Ka Ce Turbo Ne

Ƙannena masu koyon kanikanci a Rabah da Wurno da Goronyo, da ku da kuka fara riƙe sitiyari kuna lodi zuwa Sakkwato, akwai wata matsalar mota da nake so mu zauna a kanta. Ta cinye kuɗin mutane da yawa a banza, kuma tana iya cin abin da ya fi kuɗi. Za a kawo maka tsohuwar mota mai turbo, irin su Sharan ko Passat ko Audi 'yan Kwatano. Ka murza makulli ta tashi nan take. Ta tsaya a silo tana aiki sumul, ba rawa, ba hayaƙi. Ka zaga da ita cikin gari, lafiya lau. Amma direba ya rantse maka cewa da zarar ya hau kwalta da cikakken lodi, ya fito zai wuce babbar mota, ya danne totur har ƙasa, sai ta cije, ta riƙa fizga tana ɓat-ɓat-ɓat, wani lokaci har da harbi a salansa. Ya sassauta ƙafa kaɗan, ta koma daidai kamar ba ita ba. Wannan shi ne misin da ba ya fitowa sai an matsa wa injin.

A yankinmu ba wasa ba ne. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Achida zuwa Goronyo falle ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa suna gogar juna. Lokacin kwasar albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno, da shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Goronyo tun bayan kammala ta a 1984, hanya cike take da manyan motoci masu jan jiki da ƙyar. Dole direban ƙaramar mota ya fita hannun wasu kafin ya wuce su, kuma duk lissafinsa ya rataya ne a kan 'yan daƙiƙun da injin zai ba shi cikakken ƙarfi. In a daidai nan motar ta cije, ga lodin albasa a damansa, ga wata mota ta tunkaro shi, to rayukan da ke bayansa suna hannun wanda ya ce masa jiya, “Je ka, na gyara.” Kun kuma fi ni sanin halin da hanyoyin gabas suke ciki tun harin Tabanni na 2018 da na kasuwar Goronyo na 2021. Babu mai son motarsa ta tsaya a daji bayan la'asar.

Abin da ke damuna shi ne amsar da ake saurin bayarwa. Direba ya ce, “Maigida, motag ga in na taka ta sai ta ƙiya.” Kafin ya rufe baki an ce turbo ne. In ba turbo ba, birenbos ne. In an ga yana da ɗan hali, a ce sai an sauke injin an sa ringi. A sayo turbo 'yar Beljiyam daga Buzaye ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, a ɗaura, a fita hanya, mota ta cije a wurin da ta saba. Sai a ce ai famfon mai ma ya gaji. A haka mutum zai sayar da tumakinsa, ya ci bashin kamasho, ƙarshe ya gaji a cire masa injin ɗin gaba ɗaya a dasa marar turbo, alhali abin da ya lalace ba ya wuce a saka shi a aljihun riga. Ina roƙonku kada ku gaji wannan ɗabi'a. Kada ka sa mutum ya sayi ko da kusa ɗaya sai ka kama laifin da idonka, kuma ba za ka kama shi ba sai ka san dalilin da ya sa yake ɓuya a silo ya fito a kan hanya.

Turbo zugazugin maƙera ne. Yadda yaron maƙeri ke tura iska gawayi ya yi ja, haka turbo ke cusa iska cikin silinda don mai ya ƙone da yawa. Bambancinsu kawai, ita hayaƙin salansa ne ke juya ta, kuma tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Da ita ne injin 1.8T na Volkswagen, mai bawul 20, yake ba da ƙarfin doki 150, alhali injin 2.0 marar turbo da ke cikin Sharan iri ɗaya 115 yake bayarwa. A silo turbo kusan hutawa take yi, totur a rufe yake, iskar da ke shiga silinda 'yar kaɗan ce. Amma in aka danne totur a kan lodi, sai ta ƙara matsin kusan rabin bar a kan iskar da muke shaƙa, fistin kuma ya zo ya ƙara matse wannan iskar cikin ɗan ƙaramin wuri. A wannan lokacin komai na injin yana bakin iyakarsa: ana neman wuta mafi ƙarfi, mai mafi yawa, kuma kowane tiyo yana ɗauke da matsi. Duk abin da ya fara rauni a nan zai tona kansa.

Ga abin da nake so ku riƙe fiye da komai a wannan takarda. Tartsatsin fulogi ba ya tsallaka tazara da sauƙi iri ɗaya a kowane hali. Gwargwadon yadda iska ta matsu, gwargwadon yadda take ƙin barin wuta ta ratsa ta. Wani Bajamushe masanin kimiyya, Friedrich Paschen, ya auna wannan tun 1889, ya nuna cewa ƙarfin wutar da ake bukata yana tafiya ne da abu biyu, matsin iska da faɗin tazara. Koyil yana karɓar bolt 12 na batir ya ɗaga shi zuwa 20,000 ko 30,000. A silo ɗan kaɗan daga wannan ya isa. A cikin matsin turbo kuwa ana bukatar kusan dukkansa. To, fulogi yana cinyewa a hankali, bakinsa yana ƙara buɗewa, bukata tana ƙara hawa, koyil kuma yana tsufa ƙarfinsa yana sauka. Ranar da biyun suka haɗu, wuta za ta nemi hanya mafi sauƙi: ta bi ta wata 'yar tsaga a farin tangaran ɗin fulogi, ko ta huda robar koyil ta tsallaka jikin injin. Silinda ta sha iska ta sha mai, ba ta samu wuta ba. Fizgar da direba ke ji ke nan.

Saboda haka gwajin da kowa ya iya, na ciro fulogi a jingina shi a jikin injin a yi sitata a ga wuta shuɗiya tana tsalle, ba hujja ba ne a wannan matsalar. A fili kuke gwada shi, inda babu matsi. Fulogin da ya kusa mutuwa da koyil ɗin da ya rage rabin rai duk za su ba ka wuta kyakkyawa a fili, ka mayar da su ka ce wuta lafiya take, ka tafi neman laifi inda babu shi. Da yawa daga turbo ɗin da aka sauke ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wannan gwajin ne ya ja musu.

Kafin ka ɗauki sifana, zauna da direba. In ya girme ka ka ba shi girmansa, amma ka tambaye shi dalla-dalla. “Malam, yaushe ta fara? Da sanyin safiya ma tana yi, ko sai rana ta take? Ina ka sha mai na ƙarshe? An wanke injin kwanan nan? Wa ya taɓa ta kafin a kawo ta nan?” Kowace amsa tana rage maka tafiya. Wadda ta fara bayan wankin injin ko bayan ratsa ruwa da damina, danshi ne ya shiga ramin fulogi. Wadda ta fara ranar da aka sha man jarka, ka fara da tanki. Wadda ba ta yi da asuba sai tsakar rana, zafi na da hannu a ciki.

Sannan ka shiga motar ka ji da jikinka, domin ba kowace cijewa ce misin ba. Ku fita mutum biyu da rana, a hanyar da kuka sani, a sa buhuna a baya in da hali. A sa giya ta huɗu, allurar juyin injin tana wajen 2,000, a danne totur, a kan hawa in an samu. A nan matsi ya fi yawa, a nan laifi ke fitowa. In allura ta haura sama, ƙara ta ƙaru, amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa, injin ba ruwansa. In motar ta ja da kyau sannan ta yanke ƙarfi gaba ɗaya lokaci guda, ta zama raguwa har sai an kashe an sake tayarwa, to birenbos ne ya ga matsin turbo ya wuce kima ya kare injin, sai ka duba ƙananan tiyoyin da ke zuwa ƙofar rage hayaƙi ta turbo. In ƙarfi yana dushewa a hankali gwargwadon hawan allura, ba fizga, kamar an shaƙe ta, ka yi zargin indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, ya toshe. Misin na gaskiya fizga ce gajeriya mai maimaituwa, tana girgiza kujera. Kada ka yi ta nanata gwajin don jin daɗi. Duk fizga ɗaya ɗanyen mai ne ke tafiya salansa, yana ƙonewa a cikin indomi har ya narkar da shi.

Wannan ne ma ya sa fitilar cek take ƙiftawa a lokacin. In ta tsaya a kunne, mota tana cewa a duba ni in an samu sarari. In tana ƙiftawa, tana cewa ɗaga ƙafarka yanzu. Na san akwai masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da baƙin salatif don mai saye ya ga allo fes. Kada hannunka ya yi wannan aikin, ko maigidanka ne ya sa ka. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi.

Yau abin da ake kira sa wa mota kwamfuta ya sauka har aljihunku. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Da 'yar na'urar ELM327 da wayar hannu za ka karanta abin da birenbos ya ajiye. Wasu motocin Turai da suka girmi 2001 ba sa amsa mata, sai na'urar da aka yi don Volkswagen, irin VCDS. Birenbos yana gane misin ne ta lura da juyin kiranshaf: duk silindar da ba ta ƙona ba, juyin yana ɗan ja baya a daidai lokacinta. P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har P0304, P0300 kuma na nufin abin yana yawo bai zauna wuri ɗaya ba. A lissafin Volkswagen su ne 16684 zuwa 16688. Amma ku lura, lambar ta gaya maka inda abin yake faruwa ne, ba ta gaya maka abin da ya lalace ba. Wanda ya karanta lamba ya ruga shago, canki-canka yake yi har yanzu, wayar hannu kawai ya ƙara a kai. Amfaninta babba shi ne ta raba maka hanya biyu. Silinda ɗaya ce ke yi? To abin nata ne ita kaɗai: fulogi, koyil, nozul, waya. Duka huɗun ne? To abin da suke tarayya a kai ne: mai, iska, ko sensa.

In silinda ɗaya ce, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma ban san wanda ya fi shi ba. A ce ta biyu ce. Ciro koyil ɗinta ka kai ta uku, ka kawo na ukun ka sa mata. Goge lambar, ku fita hanya. In misin ya koma ta uku, ya bi koyil, ka kama shi. In ya tsaya a ta biyu, koyil ya kuɓuta, sai ka yi wa fulogi irin wannan musanyar. In har yanzu bai motsa ba, saura nozul da wayoyin da ke zuwa wurin, waɗanda zafin shekara ashirin ya busar da rigarsu har tana marmashewa. A injinan ƙarshen shekarun 1990 akwai kuma wani ɗan akwati a kan gidan filtar iska mai ba koyil umarni, shi ma yakan kashe silinda ɗaya. Sharaɗin duka shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza uku tare mota ta warke, ba ka san wanda ya warkar da ita ba, mai mota ya biya kuɗin biyu a banza, kai kuma ba ka ƙaru da komai ba don gobe.

Zargin koyil a injin 1.8T yana da tushe. A farkon 2003 Volkswagen da Audi sun amince su canza koyil a motoci sama da rabin miliyan a Amurka, ƙirar 2001 zuwa 2003, saboda yawan mutuwarsu tun motocin suna sababbi. Waɗancan motocin da 'yan'uwansu na Turai su ne suka tsufa a can, aka loda su a jirgi, suka ƙarasa rayuwarsu a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40.

In ka ciro fulogi kada ka watsa su cikin tasa. Jera su a kan katako yadda suke a injin, ɗaya zuwa huɗu, ka tsaya ka dube su. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Baƙi mai busasshen toka yana cewa mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Mai danshin baƙin mai yana cewa man injin na shiga inda bai kamata ba. Fari fat, musamman in bakinsa ya fara narkewa ko ya yi ƙuraje, shi ne abin tsoro, domin mai ya yi kaɗan zafi ya yi yawa. Duba farin tangaran ɗin sama ko akwai siririn baƙin layi da ya sauka a jikinsa. Sawun wuta ne, ta riga ta buɗe wa kanta hanya, kuma dole a canza fulogin tare da robar da ta rufe shi, in ba haka ba tsohuwar robar za ta koya wa sabon fulogi wannan hanya. Leƙa ramin da tocila. In baƙin mai ya kwanta a ciki, gaskit ɗin murfin sama ne ke yoyo, kuma zai ci sabon koyil yadda ya ci tsohon.

Sai tazara. Injin 1.8T yana son wajen milimita 0.8. Yawancin fulogin da ke shagunanmu na motocin Japan marasa turbo ne, da yawansu an buɗe su zuwa 1.1. Zaren ɗaya ne, zai ɗauru, mota za ta tashi, za ta yi silo mai kyau, sai an hau hanya ta ƙi. Sau da yawa direban da ya ce “jiya-jiya na sa sababbin fulogi” ya riga ya gaya maka laifin bai sani ba. Ka mallaki fila ta awon tazara, kuɗinta bai kai na cin rana biyu ba, kada ka dogara da ido ko farcen babban yatsa. Ka san kuma cewa fulogi yana da lambar zafi. Injin turbo yana son mai saurin zubar da zafi, kuma a NGK lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, a Bosch kuwa akasin haka ne. Masu siririn baki na filatinam ko iridiyam ba a kankare su da burushin ƙarfe. Jabu kuma sun cika kasuwa, kwali ɗaya da na gaske, don haka ka riƙe mai shago ɗaya da zai karɓi kayansa in sun ƙi.

In duka silinda ne ke yi, koma kan mai. Famfon da ya gaji ko filtar da ta toshe suna iya ciyar da injin a silo da cikin gari, su gaza lokacin da ake neman ninkin wannan sau da yawa. Jin kukan famfo a tanki ba shaida ba ne, haka ma cire tiyo a ga mai yana feshi. Sai an ɗaura agogon matsi an kalle shi lokacin da ake danne totur. Waɗannan motocin suna aiki da bar 3 ko 4 gwargwadon ƙira, kuma akwai ɗan siririn tiyo daga manifol zuwa regileta wanda aikinsa shi ne duk abin da turbo ta ƙara na matsi, a ƙara wa mai daidai shi. In allurar agogo ta faɗi maimakon ta hau, ko famfo, ko filta, ko wannan ɗan tiyon ya tsage. Fara da tiyo, sannan filta, famfo a ƙarshe, domin haka kuɗinsu ya jeru. Wannan nau'in ya fi na wuta haɗari nesa ba kusa ba. Ƙarancin mai a cikin matsin turbo yana iya huda fistin cikin tafiya ɗaya.

Ku direbobi, a nan akwai naku. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya koma shan lita biyar, lita goma, allura kullum tana kwance a ja. Na san ba son rai ba ne. Amma famfon a cikin tanki yake, man da ya rufe shi ne ke sanyaya shi, kuma in mai ya yi ƙasa, hawa ko kwana ya isa ya kore shi gefe famfo ya zuƙi iska. Kuɗin da za ka kashe a mako duk ɗaya ne, ko ka zuba shi a saman tanki ko a ƙasansa. In ka samu ka ɗaga shi zuwa kwata sau ɗaya, sai ka ci gaba da ƙara kaɗan-kaɗan daga nan. Ingancin man shi ma abin dubawa ne. An ƙera waɗannan injinan ne da lissafin fetur mai lamba 95 na Turai, namu bai kai nan ba ko da tsarkinsa, balle na bumburutu da aka auna da jarkar da ta ɗauki kalanzir ko gas jiya. Ba a bakin hanya kaɗai ba ma: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya sanar cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da kima daga Antwerp ta Beljiyam. Zuba ɗan man tankin a farar kwalba ka ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa ka gan shi. Man da ba shi da ƙarfi yana fashewa kafin lokacinsa, za ka ji siririyar ƙara ƙyal-ƙyal-ƙyal daga injin, sensa ta ji, birenbos ya ja wuta baya, mota ta yi nauyi. Zafi yana ƙara wannan fashewar, shi ya sa ta fi yi da rana, musamman in laka da ƙaiƙayi sun toshe intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo. Wanke shi ruwa ne kawai da haƙuri.

Iska kuma tana da nata. A bayan filta akwai sensar da ke auna iskar da ta shiga, birenbos yana ba da mai daidai awonta. In wani tiyo tsakanin turbo da injin ya tsage ko kilif ya saki, iskar da aka riga aka auna za ta gudu waje, mai ya fi ƙarfin abin da ya rage, sai baƙin hayaƙi da fito mai kama da shiii in an taka. Irin wannan tsagar a rufe take a silo, matsi ne ke buɗe ta, don haka kallo ba ya isa. Bi tiyoyin da hannu, ka lanƙwasa su, ka nemi inda ƙura ta manne a kan danshin mai. In ba ka gani ba, toshe bakin shiga, ka aro iska wurin mai faci, ka sa kaɗan wadda ba ta wuce rabin bar ba, ka yayyafa ruwan omo. Kumfa za ta nuna maka. Ita kanta sensar ƙurar hunturu ce ke kashe ta, ta hanyar filtar da aka yi ta hurawa da iskar mai faci har ta huje. Kada ka taɓa cikinta da yatsa ko tsumma.

Ringi da bawul da gaskit na kan injin su ne na ƙarshe, kuma da dalili. Silindar da ta rasa matsi a silo ta fi nuna kanta, da rawa da girgiza, in an ƙara wuta sai abin ya ɗan lafa. Motar da ke sumul a silo ta riga ta ba da shaidar cewa cikinta da sauran ƙarfi. Duk wanda zai ce a sauke injin, ya fara ɗaura agogon awon matsi a silinda huɗun ya nuna wa mai mota lambobin. Turbo da ta mutu da gaske ita ma ba ta ɓuya: shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, kuka mai kaifi, sanda tana rawa har fuka-fukanta na gogar gida. Mai TDI kuwa ya sani motarsa ta gas ce, ba ta da fulogin wuta sam, sai ya nemi nasa a filta da nozul da iska.

Na san abin da wasunku za su ce: in ka yini kana gwaji, ƙarshe ka matse bakin fulogi huɗu mota ta warke, mai mota zai miƙo maka kuɗin shayi ya ce ai ba ka canza komai ba. Gaskiya ne, kuma wannan ne ke tura kanikawa ga sauke abin da bai lalace ba, don a ga aiki. Maganinsa a yi magana tun farko. Ka ce, “Alhaji, bincike yana da kuɗinsa, kaza ne, kuma ba zan sa ka sayi komai ba sai na nuna maka dalili.” Ku masu mota kuma ku biya da daɗin rai, domin yaron da ya hana ka sayen turbo ya fi wanda ya ɗaura maka ita yi maka aiki. Kuɗin mutum a hannunka amana ne, jahilcinsa game da injin ma amana ne. Duk abin da ka cire ka sa a leda ka miƙa masa.

Waɗanda suka gama sakandare suna zaune suna ganin gareji wurin waɗanda boko ya ƙi ne, su sake tunani. Motar yau tana son mai karatu, wanda zai gane lamba, ya bi zanen waya, ya rubuta abin da ya auna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma hubbarensa ke can, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, ya kuma kwaɗaitar da a riƙe masu sana'a a garuruwan da ya kafa. Haɗa ilmi da aikin hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ka sayi ɗan littafin rubutu ka ajiye a akwatin sifanu: lambar mota, abin da direba ya ce, abin da ka gwada, abin da ya warkar. Bayan shekara biyu za ka ga yawancin amsoshin suna ciki.

In ka gama gyara, kada ka sallami mota daga silo. Ku koma hanyar da ta cije, da lodi iri ɗaya, a giya ɗaya, in da hali a tsakar rana. Ka gaya wa direba in ta sake yi masa a hanya kada ya dage da totur, ya sassauta, ya sauko giya ɗaya, ya haƙura da wuce manyan motoci har ya iso. Ka tuna masa ya riƙa barin injin ya yi minti ɗaya ko biyu a silo bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, don kada baƙin mai ya ƙone a cikin turbo. In kuwa ka bi duk wannan abin ya fi ƙarfinka ko ƙarfin kayan aikinka, ka faɗa masa a fili, ka tura shi Sakkwato wurin wanda ke da na'urar da ta dace, da takarda a hannunsa mai ɗauke da lambobin da ka karanta, da silindar da ke yi, da tazarar da ka sa, da matsin man da ka auna, don wanda zai karɓa ya fara daga inda ka tsaya.